Igiyar Bakin Kogin Nam Song

Mu huɗu ne muka sauka a Vang Vieng cikin watan Agusta, kowa da jakarsa a baya, bayan mun gama jarrabawa a Malesiya. Jirgin ƙasan da aka buɗe tsakanin Laos da China a Disambar 2021 ya ɗauko mu daga Vientiane cikin kimanin sa'a guda, tafiyar da a da takan ci wajen sa'a huɗu a mota. Garin ƙarami ne, yana kwance a gindin duwatsu masu tsayi da hazo ke lulluɓewa da safe. A tsakiyarsa akwai tsohon filin jirgin saman da Amurka ta yi amfani da shi lokacin yaƙinta na ɓoye a ƙasar. Amma ba tarihi ne ke kawo matasan Turai da Ostireliya nan ba. Kogin Nam Song ne ke kawo su.

Abin da ake yi ba shi da wuya. Za ka biya kuɗi a ba ka tif ɗin tayar tarakta da aka hura, a ɗora ka a tuk-tuk, ɗan'uwan a-daidaita-sahunmu, a kai ka 'yan kilomitoci arewa da gari. Daga nan sai ka kishingiɗa a cikin tif ɗin, ruwa ya dawo da kai. Duk wanda ya taɓa ganin masuntan Argungu a kan gora ya san yadda abin yake. A ƙarshen shekarun 1990 wani mai gona ne ya fara ba masu taya shi aiki irin wannan tif domin su huta da yamma. Kafin a ankara mashaya sun cika gaɓar kogin, da kiɗa, da lilo, da dandamalin tsalle a saman ruwan da ba kowane wuri ke da zurfi ba. A 2011 kaɗai asibitin garin ya ƙirga gawar baƙi 27, wasu sun nutse, wasu sun fasa kai a kan dutse. A 2012 gwamnati ta rufe yawancin mashayan, daga baya aka bar kaɗan suka sake buɗewa.

Duk wannan mun karanta kafin mu zo, muka kuma yanke wa kanmu hukunci cewa bai shafe mu ba, tunda ba ma shan giya. Wautarmu ke nan. Damina ce, ruwan ya yi ja yana gudu, kuma ɗayanmu, wani Bazazzagi mai yawan barkwanci, bai iya ruwa ba. Kunya ta hana shi faɗa, mu kuma ba mu tambaya ba. An nuna mana rigunan da ke hana nutsewa, muka ga babu Baturen da ya ɗauka, muka wuce.

A kowace mashaya akwai saurayin da aikinsa shi ne jefa igiya mai gorar roba a ƙarshenta, ka kama ya jawo ka gaɓa ka sayi abin sha. Na raina wannan sana'a tun da na fara ganinta, na ce a raina fatsa ce, mu ne kifin. Muna dab da mashaya ta biyu tif ɗin abokinmu ya bugi wani kututture ya kife. Na ga kansa ya fito sau ɗaya, bakinsa a buɗe amma babu murya. Ruwa ya riga ya yi gaba da ni, ba ni da ikon juyawa, sai salati. Yaron mashayar, wanda da ƙyar zai kai shekara goma sha bakwai, ya jefa igiya ta kuskure, ya sake jefawa ta faɗa a kafaɗarsa. Da ita aka jawo shi, yana aman ruwa, masu rawa a kan dandamali ba su ma lura ba.

Tun daga ranar na kasa yi wa garin nan hukunci mai sauƙi. Gidaje da yawa na ƙauyukan yankin suna da rabo a kuɗin hayar tif, da shi suke ciyar da iyali. Su ne kuma suke kafa alluna suna roƙon baƙi su suturta jikinsu in sun shigo gari, su ne ke tsamo gawa idan an yi rashin sa'a. Baƙo yana zuwa ne da tunanin cewa dokar gidansu ba ta biyo shi ba. Mu ma da wannan tunanin muka zo, illa dai namu ya ɓuya a bayan alwala.

A Nuwambar 2024 garin ya sake shiga labarai, lokacin da baƙi shida suka mutu bayan shan barasa mai gubar metanol: biyu 'yan Ostireliya, biyu 'yan Denmak, ɗaya 'yar Birtaniya, ɗaya ɗan Amurka. Abokina ne ya turo mini labarin daga Zariya, ya haɗa da tambayar ko na tuna sunan yaron nan mai igiya. Ban tuna ba, domin babu wanda ya tambaye shi a cikinmu. Mun miƙa masa 'yan kuɗin kip ɗin da ke cikin ledarmu, ya karɓa da hannu biyu, ya naɗe igiyarsa ya koma bakin ruwa, don wani ayarin ya riga ya ɓullo daga kwana.