Sana'ar tsara zane: abin da ya kamata matashi ya sani kafin ya kama na'ura

Duk wanda ya ratsa kasuwar Dole ta Damagaram, ko babbar kasuwar Maradi, ko ya bi titunan Yamai da Tawa, idonsa ba zai huta da rubutu ba. Ga allon shago, ga afishin rigakafi a bangon asibiti, ga katin gayyatar biki, ga tambarin kamfani a jikin buhun taki. Kowane ɗayansu wani ne ya zauna ya tsara shi. Shi ya zaɓi haruffa, ya zaɓi launi, ya yanke shawarar abin da zai zo sama da abin da zai zo ƙasa. Wannan aiki shi ne sana'ar tsara zane, wadda masu Faransanci ke kira enfografi in da kwamfuta aka yi ta.

A yau samari da ƴan mata da yawa sun kama wannan hanya, domin wayar salula ta kawo kayan aikin tafin hannun kowa. Abin farin ciki ne. Sai dai afishin da bai karantu ba hasara ce. In na talla ne, mai shago ya zubar da kuɗinsa. In na kiwon lafiya ne, uwa ba ta gane ranar rigakafi ba, ɗanta ya rasa. Saboda haka ma'aunin mai tsara zane guda ne: shin wanda aka yi saƙon dominsa ya gane shi, kuma ya gane shi da wuri?

Gadon da muke da shi

Matashin Nijar ba baƙo ba ne a wannan fage. Ya tashi yana ganin zanen da magina suka yi a fuskar gidajen unguwar Birni ta Damagaram. Ya ga zayyanar da ake yi wa allon almajiri ranar sauka, da aska takwas a wuyan babbar riga, da sassaƙar ƙwarya, da gicciyen Agadas na maƙeran azurfa, da haruffan tifinag na Abzinawa. Duk waɗannan suna da ƙa'ida: siffa tana maimaituwa, dama tana daidaita da hagu, an bar wa ido wurin hutawa.

Dubi tutar ƙasarmu, wadda aka amince da ita ranar 23 ga Nuwamba 1959. Layi uku ne a kwance: ruwan goro a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa, sai da'ira guda ruwan goro a cikin farin. Yaron lakwal yana iya zana ta cikin minti ɗaya, ana kuma gane ta daga nesa. Darasin farko ke nan: abin da aka rage wa kaya ya fi saurin isa.

Wani mai tsara zane ɗan Zimbabuwe, Saki Mafundikwa, ya buɗe makarantar wannan sana'a a Harare a 1999, ya kuma wallafa littafi a kan haruffan Afirka a 2004. Kiransa ga matasan nahiyar shi ne su duba gida kafin su kwaikwayi waje.

Ƙa'idodi huɗu

Wata marubuciya ƴar Amurka, Robin Williams, ta tattara tushen aikin cikin ƙa'idodi huɗu a littafin da ta fitar a 1994 domin masu koyo. Ga su, da misalin afishin rigakafi.

Ta farko ita ce bambanci. Abin da ya fi muhimmanci shi zai fi girma da kauri. In rana da wuri su ne saƙon, to su ido zai fara cin karo da su. Sunan ma'aikata da godiya ga masu taimako su koma ƙasa da ƙananan haruffa. In komai ya yi girma, ba abin da ya fito.

Ta biyu jerawa. Kowane layi ya kama gefe guda da ɗan'uwansa, kamar sahun masallaci. Rubutun da aka watsa nan da can yana gajiyar da ido, balle idon wanda bai daɗe da fita ajin yaƙi da jahilci ba.

Ta uku kusanci. Abubuwan da suke da dangantaka su zauna tare. Rana, lokaci da wuri su haɗu a dunƙule ɗaya, a ware su da sauran bayani ta hanyar barin fili. Farin filin da aka bari a takarda ba ɓarna ba ne, shi ke raba magana da magana.

Ta huɗu maimaici. In kanun farko ja ne mai kauri, to duk kanun da ke biye su zama haka. Da wannan ne mai karatu ke gane cewa shafi na 2 ɗan'uwan shafi na 1 ne.

Maganar haruffa

Tun lokacin da Gutenberg ya fara buga littafi da haruffan ƙarfe a birnin Mainz na Jamus, wajen 1450, an ƙera dubban nau'o'in haruffa. Sun kasu gida biyu manya. Akwai masu ɗan ƙafa a ƙarshen kowane harafi, irin su Times New Roman da aka yi wa wata jaridar Landan a 1932. Sun dace da dogon karatu. Akwai marasa ƙafa, irin su Helvetica da aka yi a Suwis a 1957. Sun dace da allo da kanu. Nau'i biyu sun isa takarda ɗaya. Haruffa masu lanƙwasa irin na katin aure a bar su ga katin aure.

Mai rubuta Hausa yana da wani nauyi na daban. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya duba yadda za a daidaita rubuta harsunan yankinmu, har da Hausa, kuma rubutunmu yana da haruffa masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Nau'o'in haruffa da yawa ba su ɗauke da su, sai na'ura ta sa ɗan akwati a gurbinsu, ko mai aiki ya yi ƙyuya ya cire ƙugiyar. Nan ma'ana ke sauyawa. Ƙaya ba kaya ba ce, baƙi ba baki ba ne, ƙafa daban kafa daban. Maganin yana nan kyauta a intanet: Charis da Andika na ƙungiyar SIL, da Noto na Google, duk suna da haruffanmu. Andika ma musamman don sababbin masu karatu aka ƙera ta. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, sai a sa ran ƙaruwar alluna da takardun Hausa. Matashin da ya iya rubuta su daidai ya riga abokan sana'arsa.

Launi da gidan buga takardu

Gilashin waya yana haɗa launi da haske uku: ja, tsanwa da shuɗi. Injin buga takarda kuwa da tawada huɗu yake aiki: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Shi ya sa launin da ya yi walƙiya a waya yakan dushe a takarda. Mai hankali yana neman a buga masa gwaji guda kafin a buga dubu.

Ga wasu lambobi da ya kamata a haddace. Takardar A4 milimita 210 ce a faɗi, 297 a tsawo. A3 kuwa 297 da 420. Hoton da za a buga yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci, in ba haka ba ya fito dishi-dishi. In launi zai kai bakin takarda, a tsawaita shi da milimita 3 domin wuƙar yanka. Kada a ɗora jan rubutu a kan tsanwa, don akwai mutanen da idonsu ba ya raba su. A tuna kuma ofisoshi da yawa da baƙar tawada kaɗai suke kwafa: zanen da ya mutu in an cire masa launi bai gama nuna ba.

Kayan aiki da inda za a koya

Kayan farko kaye ne da fensir. A zana tsarin sau uku ko huɗu, ƙanana, kafin a kunna na'ura. Bayan haka manhajoji suna nan. Photoshop na kamfanin Adobe, wanda ya fito a 1990, na kuɗi ne. Akwai na kyauta da suke aiki ko ba intanet: GIMP don gyaran hoto, Inkscape don tambari, Scribus don jera shafin jarida da littafi. Tambari da Inkscape ya kamata a yi shi, domin zanensa na layi ne, yana girma daga katin aljihu zuwa bangon gida bai fashe ba. Canva, wanda aka fara a Ostareliya a 2013, yana aiki a waya kuma yana da sauƙi, amma samfuransa kowa na ɗauka. Wanda ya dogara da su kaɗai, aikinsa zai yi kama da na maƙwabcinsa.

Makaranta ta biyu gidan buga takardu ce. Wata uku a gefen mai injin, ana ganin yadda ake yanka da naɗewa, sun fi kallon majigin koyarwa ɗari. Mai rubuta allon shago da buroshi shi ma malami ne, domin ya san tazarar harafi da ido. Wanda ke Yamai ya ziyarci gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka kafa a 1959, ya zauna wurin masu sana'ar hannu da kayensa.

Alƙalin aiki

A shekarun 1920 a birnin Biyana, Otto Neurath da abokan aikinsa sun ƙirƙiro hanyar bayyana lissafi da ƙananan hotuna, domin ma'aikacin da karatunsa bai yi nisa ba ya fahimci al'amuran ƙasarsa. A shekarun 1950 matarsa Marie Neurath ta kawo hanyar yammacin Nijeriya, ta tsara ƙananan littattafai a kan ilimi, lafiya da zaɓe. Dole ta sake zana mutane da gidaje da tufafi bisa kamannin na wurin, domin hoton da ake ganewa a Turai ba lalle a gane shi a Ibadan ba.

Haka za ka yi, ya kai mai koyo. In ka gama afishi, manna shi a bango, ja da baya taku goma, ka ga abin da ya rage a idonka. Sannan nuna wa mutum uku cikin waɗanda aka yi shi dominsu, kada ka yi musu bayani, tambaye su abin da ya ce. In amsarsu ta saɓa, koma kan kaye. Kada kuma ka ɗauki hoto ko tambarin wani ba izini. Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI mai mazauni a Yawunde, wadda ke rajistar tambura ta kuma kare su.

Ma'aikatan hukuma ma suna da nasu kaso. Mai ba da aikin afishi ya rage kalmomi, ya bar wa saƙo wuri, ya duba ƙugiyar kowane harafi kafin ya sa hannu, ya kuma biya matashi haƙƙin guminsa a kan lokaci. Da koyo akan iya, amma sana'a ba ta tsayawa sai da masu saye da suka san darajarta.