Hawan jinin da ya ƙi jin magani: ka taɓa jin labarin aldosteron?

In akwai mai hawan jini a gidanku, ka san yadda abin yake: a auna, a ga 160 bisa 100, a ƙara ƙwaya, a ce a rage gishiri. A gidanmu goggona ce. Ƙwaya iri uku take sha kullum amma jinin ya ƙi sauka, har aka fara zargin ɓoye maganin take yi. Sai da wani likita ya sa aka auna mata wani sinadari mai suna aldosteron sannan aka gano bakin zaren.

A saman kowace ƙodarka akwai wani ɗan ƙullu da likitoci ke kira adirinal, shi ke fitar da aldosteron. Aikin sinadarin shi ne ya sa ƙoda ta riƙe gishiri da ruwa, ta zubar da potasiyam ta fitsari. In ya yi yawa, ruwa ya taru a jini, sai jini ya hau. Wani likitan Amurka, Jerome Conn, ya bayyana wannan cuta tun 1955. An ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na masu hawan jini ita ce silarsu, a cikin waɗanda nasu ya gagari magani kuwa takan kai mutum ɗaya cikin biyar.

To, ga abin da ya fi tsorata ni. Aldosteron ba ya tsayawa a hawan jini kawai, yana taɓa bangon jijiyar jini kai tsaye. Bangon yakan kumbura, ya yi kauri, ya sandare, kitse ya fara maƙalewa yadda tsatsa ke cin bututun famfo. Ana iya shekaru ba ciwo ba komai, alhali hoton jijiyar wuya ya riga ya nuna kaurin. Shi ya sa in mutum biyu jininsu ya hau daidai wa daida, mai yawan aldosteron ya fi shiga haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya.

Wa ya kamata ya nemi gwaji? Wanda ke shan magani uku jinin bai sauka ba. Mai hawan jinin da potasiyam ɗinsa ya yi ƙasa, wanda kan zo da kasala, ɗaurewar tsoka da yawan fitsarin dare. Sai mai hawan jinin da a danginsa akwai wanda cutar ko shanyewar jiki ta kama kafin shekara 40. Gwajin na jini ne, ana kwatanta aldosteron da wani sinadarin mai suna renin.

Kuma akwai magani. In ƙullu ɗaya ne ke fitar da shi fiye da ƙima, tiyata kan magance matsalar. In duka biyun ne, ana ba da ƙwaya irin spironolactone. Amma don Allah kar ka ruga kemis ka saya don ka karanta a nan, tana iya ɗaga potasiyam har ya taɓa bugun zuciya.

Kai da kake ganin ƙuruciya ta kare ka, yaushe rabonka da awon jini? Je ka auna a wannan makon. Ka kuma sa ido kan gishiri, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya kai giram 5 a rana, kuma har magi da taliyar leda a lissafin. In za ka raka Mama ko Baba asibiti, ka tambayi likita cikin ladabi: "An taɓa auna aldosteron ɗinsu kuwa?"