Lita nawa take sha? Lissafin a-kori-kurar dizal bayan cire tallafi

Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake cinikin mota a-kori-kura, a Kano ne ko a Maraɗi, ya san tambayar da mai saye kan yi bayan ya zagaya motar ya leƙa inji: yaya shan manta? A Najeriya, kafin 2023, wannan tambaya ba ta cika hana ciniki ba. Fetur yana da tallafi, dizal kuwa an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, don haka yawancin motocin Hilux da ma'aikatu da 'yan kwangila da manyan manoma ke saye masu injin fetur ne mai lita 2.7. A Nijar da Chadi abin ya sha bamban. Can injin gazuwal, wato dizal, ne ya fi yawa a irin waɗannan motoci, kuma makanikan garin sun san shi ciki da bai. Mota iri ɗaya, hanya iri ɗaya, rana iri ɗaya, amma zaɓi ya rabu a bakin iyaka. Abin da ya raba shi farashin famfo ne.

Cewa injin dizal ya fi na fetur tsimin mai gaskiya ce, kuma dalilinta na cikin injin. Kowace lita ta dizal tana ɗauke da makamashi fiye da ta fetur da kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, domin dizal ya fi fetur nauyi. Sannan injin da Rudolf Diesel ya kammala a Jamus a 1897 ba ya amfani da fulogi wajen kunna mai. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da man zai kama da kansa da zarar an feso shi. Injin fetur kan matse cakuɗen iska da mai kamar sau goma, na dizal kuwa yakan matse iska sau goma sha biyar ko fiye, kuma gwargwadon matsin gwargwadon aikin da ake tatsa daga kowane ɗigo. Idan aka haɗa waɗannan, mota mai girma ɗaya da kaya ɗaya takan ci ƙasa da mai da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan injinta na dizal ne. Bambancin ya fi fitowa idan an yi lodi, saboda ƙarfin jan dizal yana zuwa tun injin bai yi kuka ba, direba bai buƙaci ya danne totur ba kafin motar ta tashi da buhunan masara.

To amma mai mota ba lita yake biya ba, naira yake biya. Mu ɗauki misali mai sauƙi: ta fetur tana shan lita 12 a kilomita ɗari, ta dizal tana shan 9. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Ukraine, litar dizal a Najeriya ta kai wajen naira 800, alhali fetur a farashin hukuma bai kai naira 200 ba. A wancan lissafi mai fetur zai yi kilomita ɗari da ƙasa da naira 2,400, mai dizal kuwa sai ya kashe 7,200. Tsimin injin bai amfane shi da komai ba. A shekarar ce ma ruwa ya koma gudu ta baya a kan iyaka: fetur na tsallakawa daga Najeriya zuwa Nijar kamar yadda aka saba, gazuwal ɗin matatar SORAZ ta Damagaram kuma na sulalewa zuwa maƙwabta inda ya fi tsada, har gwamnatin Nijar ta ɗaga farashinsa daga sefa 538 zuwa 668 a watan Agusta.

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur a jawabinsa na karɓar mulki. Cikin kwanaki farashi ya ninka kusan sau uku, kuma zuwa Oktoban 2024 lita ta haura naira dubu a gidajen man NNPC na Abuja. A ɗaya ɓangaren, matatar Ɗangote da ke Lekki ta fara sayar da dizal a farkon 2024, ta kuma sauke farashinta zuwa naira dubu a watan Afrilu. Tazarar da ta kai ninki huɗu ta tsuke. A misalinmu na lita 12 da lita 9, mai dizal yana cin riba muddin farashin litarsa bai ɗara na fetur da fiye da kashi ɗaya bisa uku ba. Idan fetur na naira 1,000 dizal na 1,200, kilomita ɗari za ta ci wa mai fetur 12,000, mai dizal kuma 10,800. Ga wanda ke jigila tsakanin kasuwar Dawanau da kasuwannin ƙauye kowane mako, wannan rara ba abin rainawa ba ce. Shi ya sa tambayar da aka binne ta sake tasowa.

A nan ne nake ganin mutane da yawa za su yi kuskure, domin injin dizal ɗin da ke cikin zukatanmu ba shi ne wanda ake sayarwa yau ba. Wanda muka sani shi ne irin 5L na tsohuwar Hilux, ko 1HZ mai lita 4.2 na Land Cruiser da ke ratsa hamada daga Agadas zuwa Dirku. Injina ne marasa sauri, masu hayaƙi, amma masu haƙuri. Ba su cika zaɓen mai ba, kuma idan suka tsaya a daji makanike da sifana da ɗan basira yana iya tayar da su. Sunan da dizal ya yi na juriya su ne suka yi masa shi.

Na zamani wata halitta ce daban. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni irin su Denso da Bosch suka fito da tsarin da ke tara mai a bututu guda ƙarƙashin matsi mai tsanani, kwamfuta kuma ta riƙa buɗe nozul tana feso shi sau da yawa a bugun fistin guda. A motocin Toyota shi ne ake rubuta wa D-4D. Matsin da ke cikin wannan bututu yakan kai 2,000 a ma'aunin bar, wato kusan ninki dubu na iskar da ke cikin tayar mota. Man yana fita kamar hazo, yana ƙonewa sosai, ga kuma turbo na tura ƙarin iska. Sakamakon abin mamaki ne. Injin 5L-E mai lita 3.0 ƙarfinsa wajen doki ɗari ne, amma 2GD mai lita 2.4 da ya zo da sabuwar Hilux a 2015 yana ba da kusan 150, kuma da ƙarancin mai. An rage girma, an ƙara ƙarfi, an rage sha.

Sai dai an sayi wannan tsimi ne da laushin jiki. Ramukan nozul ɗin zamani ƙanana ne ƙwarai, sassan famfon kuma man da kansa ne ke shafe su don kada su ci juna. Ɗigon ruwa daga tankin gidan man da ba a kula da shi, ko ƙurar da ta shiga jarka, ko kananzir ɗin da wani ya zuba don ya ƙara auki, kowanne yana iya gurje su. Kananzir ba shi da santsin dizal, don haka famfo yana aiki a bushe. Da zarar nozul ya fara ɗiga maimakon feshi, mota za ta fara baƙin hayaƙi, ƙarfi ya ragu, shan mai ya hau. Baƙin hayaƙin nan da muke ganin kamar al'adar dizal ce, man da aka biya kuɗinsa ne yake fita bai gama ƙonewa ba. Sauya nozul huɗu da famfo kuwa yana iya lashe duk rarar da aka tara a shekara, har ya taɓa uwar kuɗi. Mai mota da ya saba tsayawa wajen 'yan bumburutu idan tafiya ta yi nisa, da injin zamani caca yake yi.

Akwai kuma batun salfa, wato farar wuta da ke cikin man. Turai ta taƙaita shi zuwa kashi 10 cikin miliyan tun 2009. Najeriya ta daɗe tana halatta dizal mai kashi 3,000 cikin miliyan, kuma rahoton da ƙungiyar Public Eye ta Switzerland ta fitar a 2016 ya nuna yadda 'yan kasuwar mai ke haɗa man da ba zai sayu a Turai ba su turo shi Afirka ta Yamma. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50. Wannan ya shafi huhun mutanen da ke zaune bakin titi, ya kuma shafi aljihun mai mota kai tsaye. Salfa mai yawa yana gurɓata man inji da wuri, sai an yawaita juye. Motocin da aka ƙera don Turai kuma suna da matata a bututun hayaƙi mai tare kunkunniya, wasu har da tankin ruwan AdBlue. Irin wannan matata tana toshewa da man da bai da tsabta, ko da gajerun tafiye-tafiye cikin gari inda injin ba ya yin zafin da zai ƙone abin da ta tara. Idan ta toshe, kwamfutar motar na ƙara zuba mai don ta share ta, ko ta rage wa motar ƙarfi gaba ɗaya. Abin da aka saba yi a gareji shi ne a cire ta a sake saita kwamfutar. Motar za ta tafi, amma hayaƙin da aka ƙera ta don ta riƙe zai koma kan mai sayar da rake a bakin hanya. Ban ga yadda za a kira wannan gyara ba. Saboda haka wanda zai sayi tokumbo ya kamata ya san kasuwar da aka ƙera motar dominta, domin Hilux ɗin da aka yi wa Jamus da wadda aka yi wa Afirka ba kayan ciki ɗaya gare su ba, ko da fenti ɗaya ne.

Lambar da kamfani ke rubutawa a takarda ma a ɗakin gwaji aka samo ta, da mota mara kaya a kan hanya mai santsi. Badaƙalar Volkswagen ta 2015, ko da yake a kan hayaƙi ce, ta koya wa duniya cewa abin da injin dizal ke yi a gwaji da abin da yake yi a titi na iya bambanta. A wajenmu kuwa abubuwan da ke cinye tsimin a bayyane suke. Gudu ne na farko. A-kori-kura doguwa ce mai faɗin gaba, kuma turjiyar iska na ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: daga kilomita 100 a awa zuwa 120, turjiyar na hawa da kashi 44 cikin ɗari. Direban da ke son ya rage rabin awa tsakanin Kano da Kaduna da lita yake sayenta. Sai lodin da aka tula ya wuce rufin gaba, da manyan tayoyin ado, da ƙarafan da ake ɗaura wa gaba da baya, da tayar da iskarta ta yi ƙasa. A lokacin hunturu filtar iska kan cika da ƙura tun kafin wa'adin da littafin mota ya faɗa. Ga kuma motocin rakiya da na ma'aikatu da ake bari a kunne sa'o'i ana shan sanyin na'ura, mai na tafiya, mita ba ta motsa ba.

Wani ɓangare na tsimin kuma masu ƙera motocin ne da kansu suka mayar da shi. Hilux ta fara fitowa a 1968 a matsayin ƙaramar motar aiki. Ta yau mai ƙofa huɗu ce, nauyinta ya kai tan biyu, kuma injin 2.8 da aka sabunta a 2020 ya haura ƙarfin doki 200. Fasahar da za ta iya rage shan mai sosai an karkatar da rabinta wajen ɗaukar ƙarin nauyi da ƙarin gudu, domin abin da masu saye ke nema ke nan. Da yawa daga cikin waɗannan motoci ba su taɓa ɗaukar abin da ya wuce jakar tafiya ba.

Lissafin ya sake samun wani mai shiga tsakani, wato iskar gas ta CNG da gwamnatin tarayya ke turawa tun 2023. Injin fetur yana karɓar wannan sauyi cikin sauƙi tunda yana da fulogi, na dizal kuwa sai da aiki mai yawa da tsada. Mai Hilux ta fetur da ke zirga-zirga kusa da inda ake samun gas ɗin yana da hanyar rage kuɗin mai wadda mai dizal ba shi da ita, ko da yake tukunyar na cin wuri a bayan mota, kuma wuraren cikawa sun fi yawa a manyan birane.

A ganina dizal ya dace da wanda ke doguwar tafiya da kaya masu nauyi, yana da gidan man da ya amince da shi, kuma a garinsa akwai makaniken da ke da na'urar karanta kwamfutar mota. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, rarar da ke kan takarda ba lalle ta iso aljihu ba. Wanda yawancin tafiyarsa cikin gari ce, daga gida zuwa ofis zuwa kasuwa, da wuya ya mayar da ƙarin kuɗin da zai biya wajen sayen injin dizal. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu ba mu san abin da motocinmu ke sha ba. Muna cewa na sa na dubu ashirin ya kai ni kwana uku, alhali farashi na sauyawa kowane wata. Ma'aikatu da ƙungiyoyi masu motoci goma ko ashirin ma sau da yawa naira suke rubutawa, ba lita da kilomita ba. Awon kuwa ba shi da wuya: a cika tanki har baki, a rubuta lambar mita, a yi tafiya, a sake cikawa, a raba litar da ta shiga da nisan da aka yi, a ninka da ɗari don a san shan kilomita ɗari. Wanda ya yi haka sau uku ko huɗu zai san ainihin shan motarsa, kuma ranar da lita 9 ta koma 11 ba tare da an sauya hanya ko kaya ba, zai je wajen makanike tun nozul ɗaya ne ya fara ɗiga.