Ko Kun Sani?

Injin ban-ruwa ƙirar Robin EY20, irin wanda manoman rani ke girkawa a bakin ruwa, daga madatsar Tiga ta Bebeji har fadamun Kiru da Tudun Wada, tsarin bawul ɗinsa ɗaya da na injin V8 da kamfanin Ford ya fitar a Amurka a 1932. A dukkansu bawul a jikin bulok yake, gefen silinda, shi ya sa kan injin shafaffe ne.

Babban ciwon irin wannan inji zafi ne. Hayaƙi yana ratsa bulok kafin ya fita, sai gaskit ya ƙone, ko ƙarfe ya tsage tsakanin mazaunin bawul da silinda. In bakanike zai tayar da tsohon inji irin wannan, sai ya kankare baƙin da ya daskare a kan fistin, ya goge mazaunin bawul. Babu notin saiti, don haka gindin bawul ɗin ake wasawa kaɗan-kaɗan har tazarar ta daidaita. Wanda ya zarce sai sayen sabon bawul.

Manomi, riƙa share ƙura da ƙaiƙayi daga haƙarƙarin injinka, iska ce kaɗai ke sanyaya shi.