Neman Tsofaffin Littattafan Yara: Daga Tamawa Har Kano

Daga Wakilinmu

A cikin watan jiya na je Tamawa ta ƙasar Kurfi domin in gaida mahaifiyata, sai na roƙe ta mabuɗin akwatin ƙarfen marigayi mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa. A cikin wannan akwati ne yake ajiye littattafan da ya koya mana karatu da su, ni da ƙannena, da dare bayan sallar lisha, ga fitilar ƙwai a tsakani. Ko da aka buɗe, sai muka tarar gindin akwatin ya yi tsatsa ya ɓule, gara ta shiga ta yi ɗaki. Abin da ya tsira bai wuce bangon Ka Ƙara Karatu da rabin Iliya Ɗan Maiƙarfi ba. Mahaifiyata ta yi ta ba ni haƙuri kamar ita ce ta aiko garar.

Dalilin da ya sa na tuna da akwatin kuwa shi ne 'yata mai shekara bakwai. Tana karanta Turanci ba laifi, amma da na rubuta mata "bari" da "ɓari" sai ta karanta su iri ɗaya. Ba a taɓa ba ta littafin Hausa mai hotuna ba, kuma laifin nawa ne kafin ya zama na kowa. Tun daga ranar na ƙudura cewa sai na tattaro waɗannan littattafai ɗaya bayan ɗaya, ko da na hannu ne.

Mai karatu zai so ya san cewa mu mutanen Katsina muna da haƙƙi na musamman a kan waɗannan littattafai. An kafa Hukumar Fassara a 1929, kafin daga baya a mayar da ita Zariya. A 1933, sa'ad da aka shirya gasar ƙaga labarai a ƙarƙashin Rupert East, Malam Abubakar Imam yana koyarwa ne a Makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, ya rubuta Ruwan Bagaja. Wansa, Malam Bello Kagara, wanda ya zama Walin Katsina, shi ya rubuta Ganɗoki. Iliya Ɗan Maiƙarfi kuwa na Malam Ahmadu Ingawa ne, wanda ya ɗauko labarin wani jarumin ƙasar Rasha ya yi masa riga da rawani, har yaran Tamawa suka ɗauka cewa birnin Kib yana can bayan Dutsin-Ma. Ni kaina na daɗe ina tsammanin dokin Iliya, watau Ƙwalele, za a iya ganin irinsa ran hawan salla.

To, ina ake samun su yanzu? Na fara da Dutsin-Ma, da yake gari ne na ɗalibai, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Masu shimfiɗa littattafai a bakin hanya suna da na jarrabawa da na addini da na soyayya, na yara kuwa sai an tona. A Katsina na sami Magana Jari Ce na ɗaya da na uku. Sauran sai da na dangana da Kano, na bi 'yan littattafai na Sabon Gari da na Kurmi. Masu sayarwa suna da ido: da sun ga mutum ya ɗauki tsohon littafi yana shafa shi yana murmushi, kuɗin ya tashi ke nan. Na koyi ɗaure fuska.

Wani zai ce, ai har yanzu ana buga Magana Jari Ce, me ya kai mutum ga wahalar neman tsoho? Amsar tana cikin hotunan. Da yawa daga cikin waɗanda ake talla a tasha bugun sata ne, an ɗauki hoton shafi daga wani hoton shafi, har zanen ya dusashe ya zama baƙin tabo. Na ga wani wanda ba a bambanta aku da tulu. Alhali kuwa yaro ɗan shekara biyar ta hoto yake shiga littafi. Sai ya ga akun nan a gaban Musa tukuna, sa'an nan ya so ya ji abin da yake faɗa masa har ya hana shi fita. A tsohon bugu ana ganin ninkin rawani, da kayan doki, da fuskar Waziri wadda ba sai an gaya wa yaro cewa mugu ne ba.

Mai neman irin waɗannan littattafai yana iya gane shekarunsu ba tare da wahala ba. In ya ga sunan NORLA, to littafin na shekarun 1950 ne, zamanin Yaƙi da Jahilci, domin hukumar ba ta kai 1960 ba. In ya ga sunan kamfanin NNPC na Zariya, bayan 1966 ne. In kuɗin da aka buga a bango da sule ne, to kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. Waɗanda suka fi yawa a hannun jama'a su ne na bayan 1976, sa'ad da shirin ilimin firamare kyauta ya cika ajujuwa da yara, aka yi ta buga littattafai. Na wannan zamani ne na sami biyu daga cikin jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya, masu ɗauke da Gizo da Ƙoƙi. A cikin ɗayansu wani yaro ya rubuta sunansa da ajinsa da fensir, ya kuma yi wa Gizo gemu. Ban goge ba.

Amma wurin da ya fi kasuwa albarka shi ne gidajen tsofaffin malaman firamare na ƙauyukanmu, kuma nan ne abin yake da ban tsoro. In malami ya rasu, magada sukan raba gona da tufafi, su killace littattafan addini kamar yadda ya kamata, na boko kuwa a bar wa yara, daga nan su faɗa hannun mai ƙosai ko mai tsire. A Kurfi an taɓa ƙunshe mini ƙuli-ƙuli da shafin Bala da Babiya na Malam Nuhu Bamalli. Ga kuma rashin zaman lafiyar da ya addabi wannan yanki a 'yan shekarun nan: wanda ya bar gidansa da tsakar dare ba zai tsaya ɗaukar akwatin littattafai ba. A ganina ya kamata hukumomin ilimi na ƙananan hukumomi su nemi irin waɗannan gidaje, su sayi abin da ya rage, su ajiye inda yara za su iya taɓa shi, ba a kulle a ofis ba.

Yanzu ina da littattafai goma sha ɗaya, na yi musu bango da takardar buhun siminti kamar yadda mahaifinmu yake yi. 'Yata ta gama Ka Koyi Karatu, ta kuma daina haɗa "bari" da "ɓari". Ƙanenta bai iya karatu ba tukuna, amma ya san shafin da Malam Zurƙe yake, yakan buɗe shi da kansa ya yi ta dariya. Iliya ne dai har yanzu muke da rabinsa. Kullum in mun zo inda gara ta tsaya, sai in ƙarasa musu da ka, su kuwa su ce sai na nuna musu hoton.