Alkaki da Dublan: Abin da Ke Faruwa Daga Kwaɓi Zuwa Kasko

Idan ranar kai gara ta ƙarato a Birnin Gwari, tsakar gidan iyayen amarya kan koma tamkar ma'aikata. Goggonni da innoni na murza, 'yan mata na miƙo itace, sannan akwai wata dattijuwa da aka aika musamman aka ɗauko domin ita ce gwanar alkaki a unguwar. Takan buɗe kwaɓin ta sunsuna, ta ce a ƙara masa kwana. Takan gutsuri ɗan ƙullu ta jefa cikin mai, ta dubi yadda ya taso, ta ce a janye itace guda. Ba ta da ma'aunin zafi, ba ta kuma duba agogo, amma da wuya hannunta ya kuskure. In kuwa aka kuskure, asarar ba ƙarama ba ce: ga kuɗin alkama da mai da sukari, ga kuma kunyar a buɗe kwalla a gidan miji a tarar alkakin ya yi tauri kamar tsakuwa, ko ya sha mai, ko funfuna ta kama shi. Kowane mataki na wannan aiki yana da dalilinsa a ilimin kimiyya, kuma ɗalibin sakandare na iya gwada da yawa daga cikinsu a gida.

Me ya sa sai alkama?

Ƙasar Birnin Gwari ƙasar masara ce da dawa. Alkama kuwa tana son sanyi, shi ya sa a Nijeriya ake nomanta da rani a filayen ban ruwa irin na Kadawa a Jihar Kano, mafi yawanta kuma daga ƙasashen waje ake shigowa da ita. To, me ya hana a yi dublan da garin masarar da ke cike da rumbu?

Dalili shi ne a cikin ƙwayar alkama akwai wasu furotin iri biyu waɗanda, da zarar sun jiƙa aka murza su, sai su sarƙe da juna su zama wani abu mai danƙo da ake kira gulutin. Wani masani na birnin Bolonya a ƙasar Italiya, Jakopo Bekkari, ya ware shi daga fulawa a shekarar 1728, kuma hanyar da ya bi ba ta fi ƙarfin kowa ba. A kwaɓa fulawa da ruwa ta yi tauri, a bar ta rabin sa'a, sannan a riƙa matsa curin a cikin kwanon ruwa ana sauya ruwan. Farin da ke fita sitaci ne. A ƙarshe za a ga wani ɗan curi mai talewa kamar cingam ya rage a hannu. In aka yi haka da garin masara, komai zai watse cikin ruwan.

Mai yin dublan tana bukatar wannan danƙo, domin shi ke ba ta damar murza ƙullu ya yi fale-fale har a yanka a naɗe shi bai yage ba. Idan ƙullun yana ja da baya a ƙarƙashin muciya ko kwalba, sai ta rufe shi ya huta, gulutin ya saki. Mai yin alkaki kuwa akasin haka take nema. Shi ya sa take amfani da ɓarzajjiyar alkama, take kuma fara murje ta da mai kafin ruwa ya taɓa ta. Man yana lulluɓe tsakin alkamar, ya hana furotin sarƙewa sosai, sai alkakin ya fito da garɗi, yana rugujewa a baki.

Tsami da kanwa

Kwaɓin alkaki kan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci har uku, a rufe. A cikin wannan lokaci wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suna aiki. Akwai yis, wanda ke cin sukarin da ke cikin alkamar yana fitar da iskar kabon-dayoksaid, akwai kuma bakteriya irin waɗanda ke mai da madara nono, su kuma suna fitar da asid mai tsami. Wasu matan kan zuba nono ko yis na kanti don aikin ya yi sauri. Luwi Fasta na ƙasar Faransa ne ya nuna a 1857 cewa halittu masu rai ne ke haddasa irin wannan tsami. Da yake rayayyu ne, zafi na ƙara musu kuzari, sanyi na rage shi. Kwaɓin da zai yi a dare ɗaya cikin watan Afrilu yana iya neman kwana uku a tsakiyar hunturu. Saboda haka dattijuwar da ke dogara da hancinta ta fi mai ƙidayar kwanaki gaskiya.

Gab da suya sai a yayyafa ruwan kanwa. Kanwa kishiyar asid ce. Da sun haɗu sai tsamin ya karye, iskar kabon-dayoksaid ta fito ta buɗa ƙananan ramuka a cikin ƙullun. Wanda ya matsa lemon tsami a kan garin kanwa zai ga wannan kumfa da idonsa. Amma in kanwa ta yi yawa, sai a ji alkakin da ɗanɗanon sabulu, kuma ba kama ba ce kawai: haɗuwar mai da abu irin kanwa ko ruwan toka ita ce ainihin hanyar da ake yin sabulun salo.

A cikin kasko

Ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin santigireti, ba ya kuma wuce nan a buɗaɗɗiyar tukunya komai yawan wutar. Mai kuwa yana haurawa nesa da haka, kuma suya ta fi kyau tsakanin digiri 170 da 180. Saboda haka da an jefa ƙullu a mai, ruwan da ke bayansa sai ya zama tururi nan take. Kumfar da ake gani da ƙarar da ake ji ba tafasar mai ba ce, tururi ne ke tserewa. Muddin yana fita da ƙarfi, yana tunkuɗe mai ya hana shi shiga. In man bai yi zafi ba, ko aka cika kasko da ƙullu har zafin ya faɗi, tururin kan yi rauni, suyar ta daɗe, abin ya sha mai. In kuma zafin ya wuce kima, baya ya ƙone ciki bai nuna ba. Alkaki ya fi dublan kauri, don haka ya fi son wuta mai dama-dama da haƙuri.

Abin mamaki, bincike ya nuna cewa mafi yawan man da soyayyen abu ke sha yana shiga ne bayan an tsame shi. Yayin da yake hucewa, tururin da ya rage cikin ramukan sai ya koma ruwa, wurin ya zama fanko, ya zuƙo duk abin da ke bayansa. In mai ne a wurin, mai zai zuƙa. In an tsane man da sauri aka tsoma alkakin da zafinsa cikin zuma ko ruwan sukari, zaƙin ne zai ratsa har tsakiya. Wadda ta bari ya huce kafin ta tsoma, bayan kawai za ta shafe.

Launin ja-ja da ƙamshin da ke kiran yaran makwabta suna fitowa ne daga haɗuwar sukari da furotin a kan zafi, abin da wani likita Bafaranshe, Luwi Mayar, ya bayyana a 1912. Kanwa na hanzarta wannan haɗuwa, yana daga cikin dalilan da alkaki ya fi dublan duhu. Sai dai a 2002 masana a ƙasar Suwidin sun gano cewa abinci mai sitaci da aka soya da zafi mai yawa yana samar da wani sinadari, akirilamaid, wanda ya jawo ciwon daji ga dabbobin gwaji, kuma yawansa na ƙaruwa gwargwadon duhun suyar. Launin zinariya ya wadatar.

Akwai wani haɗari da ya fi wannan kusa. Lita ɗaya ta ruwa, in ta zama tururi, tana cika wurin lita kusan 1,700. Idan mai ya kama da wuta aka watsa masa ruwa, ruwan kan nutse ƙasa, ya fashe ya zama tururi, ya yi feshin mai mai ci a kan duk wanda ke kusa. Abin yi shi ne a rufe kaskon da murfin ƙarfe ko faifan tasa, a janye itace, a bar shi ya huce. Kuma wurin suyar gara ba wurin rarrafen yara ba ne.

Zumar daji

A da, alkakin da ya amsa sunansa a zuma ake tsoma shi, kuma Birnin Gwari na da inda za ta samo. Dajin Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, yana kuma haɗe da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Itatuwan wannan yanki, irin su doka da maje da ɗorawa da kaɗanya, da yawansu da rani suke fure, ƙudan zuma su yi ta kwasar ruwan furen zuwa kogon itace ko amyar da aka rataya. Ruwan fure tsararo ne. Ƙudan kan zuba masa wani inzayim da ke raba sukarinsa gida biyu, sannan su yi ta yi masa fifita da fukafukansu har ruwan ya ragu zuwa kashi 17 ko 18 cikin ɗari, sa'an nan su liƙe bakin saƙar da kaki. Zumar da aka ɗebo kafin a liƙe ruwanta ya yi yawa, ita ce ke yin kumfa da tsami a cikin kwalba.

Wannan ƙarancin ruwa shi ne sirrin daɗewar alkaki. Duk ƙwayar bakteriya ko funfuna da ta faɗa cikin zaƙi mai kauri, sukarin kan janye ruwan jikinta ta fatarta, ta kasa hayayyafa. A barbaɗa sukari a kan yankan mangwaro a dawo bayan rabin sa'a, za a ga ruwan da ya tsatso; abin da ke samun ƙwayar ke nan. Amma sukari na jan laima daga iska ma. A watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka ba ƙaƙƙautawa, alkakin da aka bari a buɗe kan jiƙe a baya, funfuna ta samu wurin zama. Haka nan in aka rufe kwalla da sauran ɗumi, gumin da zai taru a murfi ya ɗigo ya ɓata na sama.

Shekarun rashin tsaro da suka hana mutane shiga dajin, da saran itace don gawayi, da kuma ɗiban zuma da wuta wanda ke kashe ƙudan har ya tayar da gobarar daji, duk sun sa zuma ta gaskiya ta yi tsada. Yawancin gidaje sukari suke dafawa. A nan ma mata sun kwaikwayi ƙudan zuma ba tare da sun sani ba. Ruwan sukari zalla in ya huce yakan daskare ya koma tsaki-tsaki. Amma in aka dafa shi da lemon tsami ko ruwan tsamiya, asid ɗin na raba sukarin gida biyu, daidai da aikin inzayim ɗin ƙuda, sai ya zauna da yauƙinsa. Ana gane ya yi idan aka ɗiga, ya ɗan huce, aka taɓa tsakanin yatsu biyu ya ja zare. Abu guda da ya kamata iyaye su kiyaye: ba a ba jaririn da bai shekara ba zuma ko abin da aka tsoma a cikinta, domin tana iya ɗauke da ƙwayoyin wata bakteriya da hanjin babba ke iya murƙushewa amma na jariri bai iya ba.

Man da aka soya da shi

Man gyaɗa na gida ya fi na kanti ƙamshi, amma ya fi saurin hayaƙi saboda ba a tace shi ba, kuma ingancinsa ya dogara da gyaɗar da aka matso shi. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Binciken da ya biyo baya ya gano afalatoksin, wata guba da wani nau'in funfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba. Tana lalata hanta, tana kuma jawo ciwon dajin hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Zafin suya ba ya kawar da ita duka. Mafi yawanta a cikin tunkuza take zama, wato a ƙuli-ƙuli, amma man da ba a tace ba yana iya ɗaukar wani kaso. Tsince gyaɗar da ta motse, ko ta sauya launi, ko ƙwaro ya huda, kafin a kai inji, yana rage haɗarin ƙwarai.

Shi ma man, duk suyar da aka yi da shi yana ƙara lalacewa, domin iska da tururi da zafi suna kakkarya shi. In ya yi duhu, ya yi kauri, yana kumfa, yana hayaƙi tun wuta ba ta yi nisa ba, to ya gama aiki. Dublan da aka soya a irin wannan mai ba ya daɗewa sai ya fara wari.

Can a ƙasar Norwe, inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa a watan Disamba, matan gida na da nasu soyayyen da suke yi lokacin Kirsimeti, sunansa fattigmann, wato “talaka”, ko da yake kayan haɗinsa ba na talaka ba ne. Da fulawa ake yinsa, da gwaiduwar ƙwai da kirim ɗin madara da sukari da kayan ƙamshi. A murza shi fale-fale, a yanka da kusurwa huɗu, a tsaga tsakiya a zura gefe ɗaya ta cikin tsagar, a soya a kitse. Wanda ya san dublan zai gane shi da gani. Su ma sukan bar ƙullun ya kwana a wuri mai sanyi don gulutin ya saki, su ma sukan jefa ɗan gutsure su gwada zafin kasko. Bambancin yana wajen ajiya. Su ba sa tsoma nasu a zuma ko ruwan sukari. Garin sukari kawai suke barbaɗawa, su zuba a gwangwani mai murfi, bushewarsa da sanyin ƙasarsu su riƙe shi har bikin ya wuce.