Kafin ka sa kwale-kwale a tabkin bakin teku

Idan ka saba su a tabkin Madarunfa, ko na Tabalak, ko na Gidimuni, ko kuwa a kogin Isa wajen Gaya, wataƙila wata rana cin rani ya kai ka ƙasashen bakin teku, ka ga tabki mai faɗi cike da masunta, ka ce a ranka ai wannan sana'arka ce. Kada ka yi gaggawa. Tabkin bakin teku yana da baki buɗe zuwa teku, saboda haka halinsa ya sha bamban da na ruwan da ka sani. Wanda bai fahimci wannan ba yakan yi asarar jarinsa, wani ma har da ransa. Za mu yi misali da tabkin Nokwe na ƙasar Benin, domin yana gefen birnin Kwatano, inda ƴan Nijar da yawa suke zuwa nema.

Tabkin Nokwe yana da tsawon kimanin kilomita 20, faɗinsa kuma kimanin kilomita 11. Duk da girman nan, ba shi da zurfi. A yawancin wurare zurfinsa bai wuce mita ɗaya zuwa biyu ba, kuma ƙasansa laka ce. Koguna biyu ne ke zuba masa ruwa daga arewa, wato Weme da So. Daga kudu kuma akwai wata hanyar ruwa wadda Faransawa suka haƙa a shekarar 1885, ta ratsa Kwatano ta haɗa tabkin da teku. Wannan hanya ita ce ke juya dukan al'amarin su a tabkin.

Ruwa ɗaya mai hali biyu

A gida ka san tabki yana cika da damana, ya riƙa janyewa da rani, amma ɗanɗanon ruwan ba ya sakewa. A Nokwe ruwan kansa ne ke sakewa. Kogin Weme yana tasowa ne daga arewacin Benin, wajen Jugu. Ruwan saman da aka yi can yana isowa tabkin da ƙarfi a watannin Satumba da Oktoba, ya kore ruwan gishiri zuwa teku. A lokacin nan tabkin yakan cika, ruwansa ya zama na daɗi. Kainuwar nan mai shuɗin fure, wadda ta addabi masuntan kogin Isa, sai ta bazu ta toshe hanyoyin jirage. Daga watan Disamba kogunan sukan ja baya, ruwan teku ya riƙa shigowa a hankali, har ya zamana kafin damana kusan dukan tabkin ya yi gishiri. Kainuwar ba ta jure gishiri, sai ta mutu ta nutse.

Kifi yana bin wannan sauyi. Lokacin ruwan daɗi ne za ka fi ganin irin kifayen da ka sani, kamar tarwaɗa, musamman wajen bakin koguna. Idan gishiri ya shigo, sai kifayen teku su biyo shi, tare da ƙaguwa da jatan lande. Jatan lande yana shiga tabkin yana ƙarami, ya girma a ciki, sa'an nan ya koma teku, kuma kan hanyar komawar ne ake yawan kama shi da dare. Akwai wata irin karfasa mai baƙin haɓa wadda ke jure ruwan biyu, ita ce ake samu duk shekara. Ka ga ke nan wurin da ya ba da kifi a watan Oktoba yana iya zama fanko a watan Maris, ba don an yi maka wani abu ba.

Bayan sauyin shekara akwai na kowace rana. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini da kwana, wajen sa'a shida yana hawa, wajen sa'a shida yana sauka. Kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50 a kan na jiya, kuma ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma sa'ad da wata ya cika. A tsakiyar tabkin ba za ka ji wannan sosai ba, amma a cikin hanyar ruwan ta Kwatano ruwa yana gudu da ƙarfi. Idan yana fita, yana iya jan kwale-kwale zuwa bakin teku, inda igiyar ruwa ke karyewa. Baƙo ba shi da abin yi a wurin nan, ko da ya iya iyo kamar kifi.

Rashin zurfin tabkin ma yana ruɗin mutane. Mutum yakan ce ruwan da bai fi tsayinsa ba me zai yi masa. To, iskar teku takan taso daga kudu maso yamma, ta ƙaru bayan azahar, kuma a ruwa mai faɗi marar zurfi raƙuman ruwa sukan zo gajeru, kusa da kusa, su cika ƙaramin jirgi kafin a kwashe. Wanda ya faɗa kuwa, laka ce za ta riƙe masa ƙafa. Saboda haka ka fita da asuba, ka komo da wuri. Kada ka fita kai kaɗai, kada ka rabu da rigar hana nutsewa da abin kwasar ruwa, kuma ka ɗauki ruwan shanka daga tudu. A watannin Disamba da Janairu hazo yakan rufe gaɓa, sai ka riƙe wata alama babba a tudu tun kana ganinta.

Ruwan yana da masu shi

Wannan shi ne abin da ya fi jawo wa baƙi rigima. Akwai mutanen da aka haifa a kan ruwan nan. Ƙabilar Tofinu sun gina garuruwa a bisa turaku cikin tabkin, mafi shahara shi ne Ganbiye, kuma sun san wurin kowane gida a cikin ruwa kamar yadda ka san iyakar gonarku. Za ka ga wurare da yawa an kakkafa rassan itace a cikin laka. Sunan wannan akaja. Kifi yana shiga cikin rassan ya ɓuya, ya ci gansakukan da ke fitowa a jikinsu, ya hayayyafa. Bayan watanni sai mai wurin ya kewaye shi da taru, ya cire rassan, ya kwashe kifin. Ya kashe kuɗi mai yawa wajen sayen itacen, don haka duk wanda ya jefa birgi kusa da akaja, ɓarawo ne a idonsa. Ga shi kuma guntayen rassan da suka karye ƙarƙashin ruwa suna yaga kalli, suna huda jirgi.

Sai dai ka sani, dokar kamun kifi ta Benin, mai lamba 2014-19 ta shekarar 2014, ta hana akaja, domin ruɓaɓɓen itace yana cike tabkin. Ta kuma hana wasu taruna masu ƙananan idanu da ke kwashe ƴaƴan kifi, kamar wanda suke kira medokpokonu. Hukuma ta sha tuge akaja a tabkunan kudu. A ganina, baƙo ya nisanci abin ta fuska biyu: kada ya taɓa akajan wani, kada kuma ya yarda a ja shi ya zuba kuɗinsa a ciki, komai daɗin bakin mai tayin. Haka nan a tabkunan kudancin Benin akwai wurare da ranakun da al'adar mutanen ta hana su. Ba addininka ba ne, amma ruwansu ne, sai ka kiyaye.

Hanyar shiga ita ce wadda ka sani tun gida. Kamar yadda ba a sa jirgi a ruwa sai an gai da sarkin ruwa, haka nan can ma. Ka fara sauka a unguwar Zango ta Kwatano, inda ake jin Hausa, ka nemi dattijon da zai gabatar da kai ga shugaban masunta na mashigin da kake so. Ka je ofishin ma'aikatan kula da kamun kifi ka tambayi takardar izini da irin idon tarun da aka yarda da shi. Batun takardun tafiya ma ka bincika tun kana gida, domin an rufe gadar Gaya da Malanbil a shekarar 2023, kuma Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025.

Shawarar da ta fi kowace nauyi ita ce kada ka sayi jirgi a shekararka ta farko. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Ka shiga jirgin ɗan gari a matsayin mataimaki, ku yi maganar rabonka a gaban shaidu tun kafin a fita. Can za ka koyi tuƙi da gora a cikin laka, da yadda suke ɗaga ƙyalle iska ta tura su, da hanyoyin da ke tsakanin akaja. Za ka kuma gane cewa cinikin kifi a hannun mata yake. Su ne ke tarar masunta a kwale-kwalensu su saye, su kai kasuwa ko su yi banda, kuma kowace tana da masuntan da take hulɗa da su. Wanda bai da mai saye, kifinsa zai lalace a hannunsa cikin zafin nan mai laima.

A nan ne karatun da ka koya zai yi maka rana. Ka sayi ƙaramin littafi, ka sa shi cikin leda. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, da wurin da kuka je, da ɗanɗanon ruwan, da lokacin da iska ta taso, da irin kifin da aka kama da kuɗin da aka sayar. Ka rubuta sunayen kifaye da na wurare da harshen mutanen, yadda kunnenka ya ji su. Idan ka ga cikar ruwa ɗaya da shigar gishiri ɗaya, littafin zai nuna maka ko su ɗin zai biya ka.

In ka yanke shawarar sayen naka jirgin, ka tafi da ɗan gari ya duba maka katakon. A ruwan gishiri akwai wata tsutsa da ke huda katako daga ciki, jirgi ya yi kyau a ido alhali ya zama rariya. Ka ƙwanƙwasa ƙasansa ka ji sautin, ka soka tsinin wuƙa a wuraren da suka yi laushi. Gishiri kuma yana cin ƙarfe, don haka ƙugiyoyi da inji, in kana da shi, sai an ɗauraye su da ruwan daɗi duk ranar da aka komo daga su.